Madarar da Ba Ta Ga Wuta Ba

Ni ce ɗiyar fari a gidanmu, kuma a Filinge wannan yana nufin iyayena ba sa kiran sunana, ba sa yi mini magana kai tsaye. Kunyar haihuwar fari ce, kowa ya san ta. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, taubashiyar Baba, wato ɗiyar kawunsa, ita ta rene ni a Bonkuku har na shiga lakwal, wato makarantar boko. Idan Baba yana so in san wani abu, sai ya faɗa wa wanda ke kusa da shi, ko ya fuskanci bango ya faɗa, ni kuma in ji. Inna ta fi shi tsanani. In na shigo ɗaki, sai ta sami abin yi a tsakar gida. Haka na girma, haka na tafi Yamai na kama aikin karanta labarai da Hausa a wani gidan rediyo.

Wata ranar damina ina shirin shiga ɗakin karatu sai wayata ta yi ƙara. Muryar Inna ce, ita da kanta, abin da bai taɓa faruwa ba, domin kullum maƙwabciyarmu take sawa ta kira ni. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Mai gidan nan ya bar cin tuwo. In da hali, a zaka." Sai ta kashe. Na karanta labaran ranar ba kuskure ko ɗaya, amma da na fito ban iya tuna abin da na karanta ba. Washegari na shiga motar Filinge.

Baba tela ne. Yana da rumfa a bakin kasuwa tun kafin a haife ni, kuma mutane sun san shi da yanka yadi ba alli, da ido kawai. Na iso da azahar na iske shi a zaure tare da wani dattijo abokin sallarsa. Rigarsa ta yi masa yawa, ƙasusuwan wuyansa sun fito, amma idonsa tar, ya yi aski, yana ta fara'a. Na durƙusa na yi gaisuwa. Bai dube ni ba, ya ce wa dattijon, "Ka gani? Wasu sun baro aikinsu don an ce masu na mutu. To ga ni, jikina sakayau awa na ɗan samari."

A cikin hirar tasu na ji yadda abin ya faro. Tun bara yake jin nauyin jiki da kasala, ya ɗora laifin a kan shinkafa da mai da dunƙulen miya. Sai wani saƙon murya ya fara yawo a wayoyin tsofaffin da ke zama a ƙofar masallaci. Mai maganar ya ce cikin mutum kamar tulu ne, in ya daɗe ba a wanke ba sai ya yi gansakuka, kuma abin wankinsa shi ne ɗanyar madara da ɗuminta daga hantsa, ba tuwo, ba fura, ba maganin likita, har sai datti ya gama fita. Baba ya kunna wa dattijon saƙon, ni ma na ji. Mutumin ya iya magana. Ya san inda ake tsayawa a ja numfashi, ya san inda ake sassauta murya. Sana'ata ce, na san yadda irin wannan murya take shiga kunne ta zauna.

Baba yana da wani amini Bafillace da yake yi wa ɗinki tun suna samari. Da ya zo cin kasuwar Lahadi ya ji niyyar Baba, mako na zagayowa sai ga shi da wata jar saniya irin ta Azawak. Ya ɗaure ta a bayan gidanmu, ya ce ta zauna har Baba ya ji sauƙi. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: kada madararta ta ga wuta. A wurinsu, in aka dafa madarar saniya, hantsarta ce ke ƙonewa, nononta ya ƙafe. Baba ya ba shi hannu a kan haka. Daga nan mutumin ya kora garkensa arewa, wajen Sanam, inda waya ba ta kamawa, kuma hanyar ba wadda ake bi haka kawai ba ce a shekarun nan, saboda rashin tsaro. Lokacin da na zo, Baba ya yi makonni bai sa komai a bakinsa ba sai madarar wannan saniya da ruwa. Ƙannena maza suna can bakin teku wajen nema, sun kira shi sun yi magana, ya yi musu dariya.

Da na gan shi yana hira haka, na fara tunanin ko Inna ta firgita ne kawai. Rama ce, na ce a raina, kuma rama tana da magani. Amma da aka kira la'asar sai ya fara hamma. Ya tashi zai yi alwala, ya koma ya zauna. Ya ce a kawo masa bargo, alhali zafin damina ya cika gari, ko iska ba ta motsi. Kafin a idar da salla a masallaci haƙoransa suna haɗuwa, ina jin ƙararsu daga tsakar gida. Inna ta kama shi ta kai shi ɗaki, ta ƙara masa wani bargon. Yana riƙe da ƙugunsa da hannu biyu kamar wanda aka doka da sanda. Wajen magariba sanyin ya sake shi, gumi ya karyo, ya jiƙa tabarma sharkaf. Gumin yana da wani wari da ban taɓa ji a jikin mutum ba, kamar na ciyawar da ruwa ya daka aka tara ta a ɗaki. Daga cikin bargon na ji muryarsa, a raunane amma cike da murna: "Alhamdu lillahi. Ga dattin nan shina hita."

Da gari ya waye jikinsa ya yi sanyi, ya fita masallaci da ƙafarsa. Wannan shi ne abin da ya fi tsorata ni. Ciwon yana zuwa da yamma ya tafi da safe, kuma kowace safiya tana ba Baba hujja. Inna ta zaci zazzaɓin cizon sauro ne, ta sayo ƙwayoyi a farmasi tun farkon abin, suna nan a kan taga ba a taɓa ba, domin wankin cikin da yake yi ya hana magani.

A safiyar na bi Inna bayan gida wajen tatsa. Saniyar tana tsaye a ƙarƙashin gawo, kyakkyawa, mai doguwar fuska. Inna ta shiga ɗakin ajiya ta fito rungume da wani abu, ta tsayar da shi a gaban saniyar. Na ɗauka maraƙi ne har sai da na matso. Fatar maraƙi ce aka cusa wa busasshiyar ciyawa aka ɗinke, an yi mata ƙafafu da itace, ramukan ido babu komai a ciki. Inna ta barbaɗa gishiri a bayanta. Saniyar ta sunkuyar da kai tana lasa, tana wani ƙaramin nishi, sai nono ya sauko.

Ban iya tambayar Inna ba, ita ma ba ta iya gaya mini ba. Sai ta yi wa saniyar magana tana tatsa. "Ke dai baiwar Allah, kin sha wahala. Ɗanki bai zo da rai ba, watanninshi ba su cika ba. Na bara ma haka. Shi ya sa mai ke yaz zaɓe ki, don babu mai raba nonon da malam."

Na dubi ƙafafun saniyar. Gwiwarta ta gaba ɗaya ta kumbura kamar ƙaramar ƙwarya. A wurin aiki na taɓa fassara bayanin wani likitan dabbobi zuwa Hausa, a kan cutar da makiyaya ke kira bakkale. Tana sa saniya ɓari, tana kumbura mata gwiwa, tana bin ɗanyar madara ta shiga jikin mutum. A jikin mutum zazzaɓi take zama, mai zuwa da yamma ya tafi da safe, da gumi, da ciwon ƙugu. In aka bar ta, takan sauka a ƙashin baya, wani lokaci a zuciya. Tafasa madara yana kashe ta. Na karanta wannan bayani da bakina ga mutanen da ban sani ba, cikin natsuwa, na tashi na tafi cin abinci. Yanzu ina tsaye ina kallon kumfa tana taruwa a ƙwaryar Inna. Aminin Baba ya zaɓo masa saniyar da ta fi kowace nono a garkensa, don ƙauna. Inna ta ɗauki ƙwaryar ta wuce ni, ta kai masa. Ina jin sautin haɗiyarsa daga inda nake.

Na gwada hanyar da muka saba. Da hantsi, yana zaure, na tsaya a bayan ƙofa na kara waya a kunne kamar ina magana da wata a Yamai. Na ɗaga murya na faɗi sunan cutar, na faɗi alamominta ɗaya bayan ɗaya, na ce ana warkewa in an je likita da wuri. Na sauke wayar ina jira. Can sai na ji ya yi gyaran murya, ya ce wa bango, "Ikon Allah. Kakanninmu sun sha nono sun mutu da haƙoransu. Yau an yi masu karatun da sunka hi saniya sanin abin da ke cikin hantsarta." Ba da fushi ya faɗa ba. Dariya ma ya yi.

Sai na yi abin da na ga ya rage mini. Washegari da Inna ta gama tatsa ta ajiye ƙwaryar ta shiga wanke hannu, na ɗauke ta na zaga gidan maƙwabciyarmu, na tafasa madarar a tukunyarta, na fifita har ta dawo ɗumin jiki, na kwashe yanar da ta taso, na mayar cikin ƙwarya. Inna ta ga lokacin da na dawo da ita. Ta ɗauka ta kai masa. Na laɓe ina kallo. Ya kurɓa sau ɗaya, ya riƙe a baki, ya juya ya tofar a ƙasa. Ya ajiye ƙwaryar a hankali, ya tura ta gefe da yatsa. Bai tambayi wanda ya yi ba. Ya tashi ya tafi bayan gida, ya daɗe yana shafa saniyar, yana duba hantsarta. Ranar bai sha komai ba sai ruwa, kuma zazzaɓin yamma ya same shi da ciki wayam.

Daga ranar ya daina karɓar ƙwarya daga hannun kowa. Da safe sai ya ja kujera ya zauna kusa da saniyar, Inna tana tatsa yana kallo, ya karɓa nan take ya sha. Ni kuma in na shigo wuri sai ya juya fuskarsa gaba ɗaya. Ya daina zuwa rumfa. Safiyoyin da yake tashi garau suka fara gajarta: da can yana kaiwa la'asar da ƙarfinsa, yanzu tun azahar yake neman kwanciya. Na lura ya fara jan ƙafar dama. Na lura in ya hau dakalin zaure sai ya tsaya yana haki, hannunsa a ƙirji. Ina lissafa waɗannan abubuwa a raina yadda nake jera labarai kafin in karanta, mafi muni a sama, kuma ba ni da wanda zan karanta wa.

Wata azahar ya sunkuya zai ɗauki buta sai ya kife. Goshinsa ya bugi bakin turmi. Ni da Inna muka ruga tare, muka ɗaga shi, kuma ban ji nauyin da ya kamata in ji ba, kamar damin kara na ɗauka. Idonsa a buɗe amma bai san mu ba na ɗan lokaci. Da ya dawo hayyacinsa, jini yana bin girarsa, abin da ya fara cewa shi ne kada a gaya wa kowa, ƙarshen wankin ne, dama an ce ƙarshen ya fi wuya. Na fita ƙofar gida na kira Gwaggo. Ban iya yi mata dogon bayani ba. Ta ce, "Bar kuka, ɗiyata. Gobe kasuwa, motar farko ina ciki."

Gwaggo mace ce mai jiki, mai goro a kumatu, muryarta tana riga ta shiga gida. A al'adarmu taubasai suna iya faɗa wa juna abin da ba wanda ya isa ya faɗa, kuma ba a fushi. Ita ɗiyar namiji ce, Baba ɗan mace, saboda haka tun suna yara take kiransa bawanta. Motar ta ɓata musu lokaci a hanya, sai bayan azahar ta iso, da ƙunshi a kai. Tun daga zaure ta fara.

"Salamu alaikum masu jego! Ina jaririn? An ce mani an yi jariri mai gemu gidan nan, nono kaɗai shika sha. Ku kawo shi in goya."

Baba yana kwance a rumfar tsakar gida, an ɗaure masa goshi da ƙyalle. Ya ɗago kai. "Wa ya buɗe ma wagga mayya ƙofa? Ku ɓoye tukunya, yunwar Bonkuku ta iso."

"Tukunyar mi? An ce ko tuwo ba ka iya saye, saniyar mutane kaka tsotso. Tashi ka gaida uwargijiyarka, bawan banza."

"Uwargijiya da tsagaggen takalmi? Zamna kar ki karya mani ƙasa."

Ya yi dariya, irin wadda ban ji ya yi ba tun zuwana. Gwaggo ta zauna a tabarma kusa da shi. Na ga idonta ya bi wuyansa da hannuwansa da ƙyallen goshin, na ga ta daina tauna goron. Sai ta kwance ƙunshin. Farin alawayyo ne, sabo, a ninke. Ta warware shi a kan ƙafafunsa.

"Aiki na kawo ma. Likkafani nika so, daidai tsawonka. Ka yanka da hannunka tun kana iyawa, ni ban yarda da yankan yaran yanzu ba, sai su rage ma a ƙafa ka tahi lahira da sawu waje."

Kwanon da ke hannun Inna ya faɗi. Ni kuwa na jingina da bango ina kallo. Farin yadin ya rufe shi daga ƙirji zuwa yatsu, kuma ya yi daidai da shi.

Baba ya ce, "Ku miƙo mani almakashi. Nata zan yanka. Sai dai yadin ba shi isa, wagga sai an haɗa da tantin biki."

Inna ba ta motsa ba. Gwaggo ce ta tashi ta ɗauko almakashin a kan keken ɗinkinsa ta ba shi. Ya yunƙura ya zauna, ya kama bakin yadin, ya auna kamu ɗaya daga yatsa zuwa gwiwar hannu kamar yadda ya saba. A lokacin inuwar katanga ta kusa kaiwa bakin rumfa, kuma na san abin da ke tafe. Ya yi hamma. Ya sa yadin tsakanin bakin almakashin, ya matsa. Almakashin bai rufe ba. Hannunsa yana rawa, ƙarfen yana kaɗawa yana ƙara. Ya sa hannu na biyu ya tallafa, yadin ya zame. Ya sake kamawa, ya sake matsawa, sai almakashin ya kuɓuce ya faɗi a tabarma.

Ba wanda ya ɗauka masa. Ya zauna yana kallon hannuwansa a kan farin yadin, suna rawa ba da izininsa ba. Daga masallaci aka fara kiran la'asar.

Gwaggo ta sassauta murya. "Ɗan'uwa, wanga ba wanki ba ne." Sai ta juyo wurina. "Ɗiyata, zo nan. Gaya mani abin da kika sani game da saniyar ga. Ni za ki gaya ma, ba wani ba. Ki ɗaga murya, kunnena ya tsuhwa."

Na durƙusa a gabanta, bayana yana wajen Baba. Na faɗa mata komai, tun daga fatar maraƙin da ɓarin bara da kumburin gwiwa, har zazzaɓin yamma da gumin da ciwon ƙugu da hakin da yake yi a kan dakali. Na ce cutar tana cikin madarar, kuma kowace ƙwarya ƙari ce. Na ce akwai magani, amma in ta kai zuciya ban san abin da za a iya yi ba. Muryata ba ta yi rawa ba, aikinta ke nan, amma zanena ya jiƙe da gumi. A bayana ina jin haƙoransa sun fara haɗuwa.

Da na gama, sai Baba ya ce, da ƙyar, "Na ba mutum hannu. Ya ba ni amanar dabbarshi."

Gwaggo ta ce, "Hannun mi ka ba shi? Kada a dahwa. To wa ya ce a dahwa? Ya ce maka in ka bar sha hantsa na ƙonewa? Ya ce ka sha har ka mutu, shi dawo shi iske ya kashe amininshi?" Ta tattara yadin ta cusa a ƙunshi. "Saniyar ma na ƙwace ta. Kai kanka nawa ne, balle abin da ke ɗaure bayan gidanka. Daga yau ko ɗigo ba ka sha sai da izinina. Ke, ɗiyata, aro mana amalanke."

Bai ce to ba. Amma da amalanken maƙwabci ya tsaya a ƙofa muka kama shi, bai ƙi ba. Ranar kasuwa ce, hanya cike da mutane da awaki da buhunan hatsi, kuma rabin garin sun san shi. Ya ja bargo ya rufe fuskarsa. Ina tafe a gefen amalanken, hannuna a kan bargon, ina jin rawar jikinsa tana shiga tafina. Duk lokacin da rawar ta lafa sai in ɗaga bakin bargon in duba ko yana numfashi. Gwaggo tana gaba tana kora mutane, tana ce musu jaririnta za ta kai awo.

A likita, wato asibiti, an gwada jininsa ba a ga cutar sauro ba. Likitan ya tambayi abin da yake ci, Gwaggo ta nuna ni, na sake faɗa. Ya daɗe da abin sauraro a ƙirjin Baba, yana matsar da shi yana komawa wuri ɗaya, ni kuma ina kallon fuskarsa ina neman abin da ba ya so ya faɗa. Aka ɗaura masa ƙarin ruwa, aka ɗebi jini za a aika Yamai. Likitan ya ce ba zai jira sakamako ba, zai fara magani yanzu, kuma maganin na makonni ne masu yawa, ba a tsallake rana. Na bi shi waje na tambaye shi zuciyar fa. Ya ce bai ji abin da yake tsoro ba tukuna, amma jikin ya yi rauni ƙwarai, sai mun ga yadda zai karɓi maganin.

Kwanakin farko ba abin da ya canja. Zazzaɓin yana zuwa a lokacinsa kamar ba a yi masa komai ba. Wata yamma ya yi zafi har Baba ya shiga sambatu, yana kiran amininsa, yana ce masa ya duba hantsar da kansa, ba a ƙona ba, sau ɗaya ne kawai kuma ba da saninsa ba. Kunun da Inna take kawowa yana dawowa. Ina zama a bakin gado ina kallon jijiyar wuyansa tana bugawa, in ta yi kamar ta tsaya sai in daina numfashi ni ma. Ɗaya daga cikin magungunan yana mayar da fitsari ja, kuma an manta ba a gaya wa Inna ba. Ta fito daga ɗakin da gudu riƙe da kwanon, ta zaci jini ne. Sai da ma'aikaciyar jinya ta rantse mata kafin ta yarda. Baba kuwa da ya ji, ya buɗe ido ɗaya ya ce wa Gwaggo, "Kin gani? Dattin da madara tat tara ne, su sunka zo sunka iske aiki ya ƙare." Gwaggo ta ce, "Haɗiye ƙwayarka, bawa, ka bar mani wa'azi."

Sakamakon ya dawo daga Yamai, cutar ce. A gida Inna ta ci gaba da tatsar saniyar don kada nono ya yi mata ciwo, tana zubarwa a rami tana rufewa da ƙasa, kamar yadda wani ma'aikacin dabbobi ya ce a yi. Zubar da madara abu ne mai nauyi a wurinmu. Tana yi tana istigfari.

Da kunu ya fara zama a cikinsa aka sallame mu, da sharaɗin a ci gaba da magani a gida. Zazzaɓin ya rage ƙarfi amma bai daina zuwa ba. Kowace rana in azahar ta wuce sai gidan ya yi tsit. Inna ta ɗauko rariya ta zauna inda take hango shi, Gwaggo ta daina tsokana, ni in riƙe wani abu a hannu kamar ina aiki. Dukanmu inuwar katanga muke kallo, muna jiran hamma ta farko.

Daga baya mun gane cewa cutar ta bar masa tabo a ƙugu. Bai ƙara taka keken ɗinki ba, da sanda yake zuwa masallaci har yau. Likitan kuma ya gargaɗe mu cewa takan ɓuya ta dawo, don haka ba mu yi saurin murna ba. Amma akwai wata yamma da inuwar ta kai bakin rumfa, ta wuce, ta hau tabarmarsa, bai yi hamma ba. Aka kira la'asar. Bargon yana ninke a gefensa, bai nema ba. Gwaggo ta miƙa hannu ta taɓa goshinsa, ta taɓa wuyansa, ta janye hannun. Baba ya dafa ginshiƙin rumfar ya miƙe a hankali, ya ɗauki buta da kansa. Na yunƙura zan taimaka, Gwaggo ta riƙe mini zane. Ya yi alwala, ruwan bai zube daga tafinsa ba. Inna ta juya mana baya tana ta tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe, kafaɗunta suna rawa. Ya gwada tsayuwa ƙugun bai yarda ba, sai ya zauna ya fuskanci gabas. Ya yi sallar a zaune, kuma ya kai ta har sallama.